Kwana Biyu a Sansanin Wikki: Dajin Yankari da Haƙƙinsa a Kanmu

Jawabin da kwamitin ilimi da al'adu ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 

A taron bara an ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya kai ziyara Gandun Dajin Yankari, ya kwana a can, ya dawo wa ƙungiya da bayanin abin da ya gani. Dalilin ba mu wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. A wancan zama, da aka nemi duk wanda ya taɓa kwana a Wikki ya ɗaga hannu, hannuwan da suka tashi ba su cika ƙirgar yatsun hannu biyu ba, alhali a zauren akwai waɗanda suka kai 'ya'yansu gidan zu na Kano da na Jos, har da waɗanda suka biya kuɗin jirgi zuwa ƙasashen waje domin kallon namun daji. Da yawa daga cikinmu abin da muka sani game da Wikki shi ne sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists. Mun cika umarni, mun je mun kwana biyu a cikin watan Fabrairu, yau kuma ga mu da rahoto.

Taƙaitaccen tarihin gandun

Gandun Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244, wato ya fi rabin faɗin Jihar Legas. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe shi domin kare namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sanya shi cikin jerin gandayen daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Daga 2014 jihar ta shiga yarjejeniyar aikin haɗin gwiwa da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, musamman wajen sintiri da horar da masu gadin daji.

Kafin duk waɗannan shekaru, mutane sun zauna a wannan daji, kuma sun bar shaidar zamansu. Akwai kogwanni 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya bayyana su ga masu bincike a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey, sama da 100, waɗanda aka haƙa suna haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. Akwai kuma kufan matoyar tama, inda maƙeran dauri suka narka ƙarfe, har yanzu wasu daga cikin tanderun suna tsaye. Duk wanda yake son ya nuna wa ɗansa cewa mutanen wannan ƙasa sun san ƙira da haƙar rijiya tun kafin zuwan Turawa, to ba sai ya buɗe masa littafi ba, ya kai shi ya gani da idonsa.

Hanya da masauki

Mun tashi daga Bauchi da hantsi, muka bi hanyar Gombe har Dindima, inda muka karya kwana zuwa kudu. Babbar ƙofar gandun tana Mainamaji, kuma daga nan zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji. Jimlar tafiyar daga Bauchi ta ɗan haura kilomita 100. Da zarar an wuce ƙofa sai gonaki su ƙare, itatuwan kawo da marke da taramniya su rufe hanya dama da hagu, direba kuma ya rage gudu, domin a nan dabba ce mai hanya.

A sansanin akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci da ɗakin taro da ɗan gidan adana kayan tarihi. Dattawan cikinmu sun kama ɗakuna, mu kuwa masu sauran ƙarfi muka nemi izini muka kafa tantuna a inda ma'aikata suka nuna mana. Wanda zai kwana a tanti ya tafi da tabarma ko 'yar katifa, da bargo saboda sanyin asuba, da gidan sauro, da tocila, da ruwan sha. Ya kuma sa tufafi masu dogon hannu idan za a fita kewaya, domin akwai tsando a wasu sassan dajin, cizonsa kuwa ba ya da daɗi.

Darasinmu na farko daga gwaggon biri muka same shi. Tun ba mu gama sauke kaya ba ma'aikata suka gargaɗe mu da kada mu bar abinci a fili, kada mu bar ƙofa ko gilashin mota a buɗe. Ɗaya daga cikinmu ya ajiye ledar burodi a kan mota domin ya ɗaura igiyar tanti, kafin ya waiwayo burodin yana kan bishiya. Gadu kuma, wanda wasu ke kira mugun dawa, yana yawo tsakanin ɗakuna da 'ya'yansa a baya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo kamar akuyar gida. Ba su da tsoron mutum, amma wannan ba dalili ba ne na matsa musu ko ba su abinci, domin dabbar da ta saba karɓa daga hannu ita ce daga baya take ƙwace.

Ruwan Wikki

Da la'asar muka gangara matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa ne daga gindin wani dutse, ya bi ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, garai-garai har mutum yana ganin farin yashin da ke ƙasa da yatsun ƙafarsa. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma haka yake dare da rana, rani da damina. An ƙiyasta cewa yana fitar da ruwa lita miliyan 21 a kowace rana. Mu mazauna birni da muke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, bari mu yi lissafin da muka fi ganewa: jarka mai cin lita 25 guda 840,000 ke nan kullum, ba inji, ba man fetur, ba wutar lantarki.

Yadda abin yake faruwa ba boyayye ba ne ga masana ƙasa. Dutsen da ke ƙarƙashin wannan yanki mai yashi ne, yana shan ruwa kamar soso. Ruwan sama yakan nutse a cikinsa ya yi zurfi, can ƙasa kuma akwai zafi wanda yake ƙaruwa gwargwadon zurfi, sai ruwan ya ɗumama, ya samu tsaga ya ɓullo. Ban da Wikki akwai wasu maɓuɓɓugan masu ɗumi a cikin gandun, kamar Dimil da Gwan da Mawulgo. Abin lura a nan shi ne, asalin ruwan Wikki ruwan sama ne da ƙasa ta sha. Ƙasar da take da itatuwa da ciyawa ita ce take riƙe ruwa har ya nutse, wadda aka yi wa aski kuwa ruwa yakan bi ta kanta ya wuce, ya tafi da ita. Saboda haka mai sare itace a bakin daji yana taɓa maɓuɓɓuga ko da bai taɓa ganin ta ba.

Ruwan Wikki yana malala ne zuwa Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar gandun. Wannan kogi shi ne rayuwar dajin. Idan rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta bushe, dole kowace dabba ta gangaro fadamar Gaji neman ruwa. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa da kallon namun daji shi ne daga tsakiyar rani zuwa bazara, kamar daga Fabrairu zuwa Afrilu. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, dabbobi su watsu ko'ina, mai ziyara ya yini bai ga komai ba.

Dare da safiya

Bayan sallar isha'i muka zauna a bakin tantuna. Wanda ya shekara ashirin yana barci da ƙarar janareta a kunnensa, daren farko a daji yakan zo masa da baƙunta. Shiru ne mai cike da motsi: kukan gyare, da mujiya daga nesa, da haushin gwaggon biri idan wani abu ya razana shi. Samaniya kuwa ta cika da taurari irin yadda muka san ta muna yara a dandali. Wani dattijo a cikinmu ya nuna wa samari kaza da 'ya'yanta, sai ga shi akwai masu digiri a cikinsu da ba su taɓa sanin taurari suna da suna da Hausa ba.

Da sassafe muka shiga buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan jagora da mai gadin daji. Dokokin da suka gindaya mana kaɗan ne: ba a sauka daga mota sai da izini, ba a ɗaga murya, ba a jefar da leda ko guntun taba. Mun fara cin karo da garken zabin daji, sai cilakowa da burtu. A bakin fadama muka ga gwambaza tsaye cikin ciyawa, da mazo wanda ya ba mu daƙiƙa kaɗan kafin ya shige kurmi. Can gaba muka hango gwanki, da garken ɓauna suna kallonmu ba ko ƙiftawa, balbelu suna bin ƙafafunsu. A wani gurbi mun ga kada kwance a kan yashi, ɗan jagora kuma ya nuna mana sawun dorina inda ta fito kiwo da dare. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 350 a wannan gandu, wasunsu baƙi ne da suke tasowa daga Turai idan sanyi ya kama can.

Giwa kam ba mu gan ta a ranar farko ba. Abin da muka gani shi ne sawunta, da kashinta, da rassan da ta kakkarya. Sai da yammacin rana ta biyu, muna hanyar komawa har mun fid da rai, mai gadin ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Suka fito daga kurmi ɗaya bayan ɗaya, babbar uwa a gaba, ƙanana a tsakiya, suka tsallaka hanya ba tare da wata ƙara ba sai karyewar kara. Babu wanda ya yi magana a motar har suka ɓace. Gani ya kori ji. Zaki kuwa ba mu gan shi ba, kuma ɗan jagora ya gaya mana gaskiya cewa akan daɗe ba a gan shi ba. Wanda zai je ya tafi da haƙuri, domin daji ba gidan zu ba ne, babu wanda ya ɗaure dabba tana jiran baƙo.

Abin da ya rage da abin da ya tafi

'Yan'uwa, ba za mu ɓoye muku ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba. A shekarar 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye, an bayyana cewa giwayen da suka rage a Nijeriya baki ɗaya ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Na Yankari an ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a ƙasar nan. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, takan kuma yi shekaru kafin ta sake haihuwa, don haka garken da aka rage da bindiga a shekara ɗaya ba ya farfaɗowa sai bayan shekaru masu yawa. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, amma fataucinsa a ɓoye bai tsaya ba, har a watan Janairun 2024 hukumomi suka niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Abin farin ciki shi ne, bayan an ƙarfafa sintiri, daga 2015 an shafe shekaru ba a samu labarin kashe giwa domin haurenta a Yankari ba. Wannan aikin masu gadin daji ne, waɗanda akasarinsu 'ya'yan ƙauyukanmu ne, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a bakin wannan aiki.

Zaki a duk faɗin Nijeriya bai saura ba sai a Yankari da gandun Kainji, su ma 'yan ƙalilan. Raƙumin dawa, wanda iyayenmu suka sani a wannan daji, yanzu babu shi. Farauta ba bisa ƙa'ida ba, da shigar da shanu cikin gandu, da sare itace domin gawayi, da wutar daji, su ne suke cin dajin a hankali. A kan waɗannan kuma sai ga matsalar tsaro, kamar hare-haren 'yan bindiga da aka kai wasu ƙauyukan Gwana da Duguri a 2025. Duk mai niyyar tafiya ya tuntuɓi hukumar gandun da 'yan'uwa na gida game da halin da hanya take ciki, kuma ya yi tafiyarsa da rana.

Maganar da muka ji a ƙauye

A hanyarmu ta dawowa mun tsaya gaishe da wani baffanmu a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke bakin iyakar gandun. Muna ta ba shi labarin giwaye da murna, yana saurare bai ce komai ba. Da muka gama sai ya ce, "'Ya'yana, ku kun je kallo, mu kuwa kwanan gadi muke yi." Ya gaya mana yadda a wata kaka garke ya shiga gonarsa dare ɗaya, dawar da ya yi wata biyar yana wahala a kanta ta zama tattaka, a shekarar sai da ya sayar da awakinsa ya ci da iyali. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 na ganye da ciyawa a yini, kuma ba ta san iyakar gandu da gona ba.

Wannan magana ita ce ta fi tsaya mana a rai a duk tafiyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muna zaune a birni muna cewa a kare giwa, amma farashin kare ta a kan baffanmu yake faɗawa. Muddin manomin da ke bakin daji bai ga wani amfani da dajin yake yi masa ba sai asara, to ranar da maharbi ya zo ba zai tona masa asiri ba, ba kuma za mu iya ganin laifinsa ba. Haka makiyayin da gonaki suka toshe masa burtali, shi ma ɗan'uwanmu ne, yana shiga gandu ne saboda ya rasa inda zai nufa. Masu gadi komai yawansu ba za su iya tsare daji mai wannan faɗi ba idan maƙwabtansa sun juya masa baya.

Akwai matakan da aka fara ɗauka. An sanya wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam domin a san inda garke ya nufa, an kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyuka aikin sa ido, su sanar da masu gadi da manoma idan giwaye sun doso gonaki. A ƙasar Kenya an gwada kewaye gona da amyoyin zuma a rataye jikin waya, domin giwa tana gudun ƙudan zuma, aka ga ɓarna ta ragu, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. Kiwon zuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Abin da ya rage shi ne jari da tsari, waɗannan kuwa su ne abin da mu 'yan birni za mu iya kawowa.

Shawarwarin kwamiti

Na farko, kowane reshe ya shirya wa mambobinsa da iyalansu ziyarar kwana a Wikki sau ɗaya a shekara, a lokacin rani. Kuɗin shiga da na masauki da za mu biya, da tsarabar da za mu saya a hanya, duk a ƙasarmu za su zauna.

Na biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin kai ɗaliban firamare da sakandare na ƙauyukan da ke kewaye da gandun su ga cikinsa. Abin takaici ne yaro ya girma bai san giwa ba sai a matsayin maɓarnaciyar gonar ubansa, baƙo daga Legas kuwa ya fi shi sanin ruwan Wikki.

Na uku, a buɗe asusu na musamman domin sayen amyoyin zamani da horar da manoman bakin iyaka, tare da shawarar hukumar gandun da iyayen ƙasa. A fara da ƙauye ɗaya, a ga sakamako, kafin a faɗaɗa.

Na huɗu, mu daina sayen naman daji a bakin hanya, mu kuma daina aikawa gida a nemo mana. Maharbi ba zai shiga daji ba idan babu mai saye, masu sayen kuwa sau da yawa mu ne.

Na biyar, cikin tallafin karatu da ƙungiya take bayarwa a ware gurbi ga masu son karanta ilimin gandun daji da namun daji, a makarantu irin su Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya da ke New Bussa da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, domin gobe 'ya'yanmu su zama masu gudanar da wurin, ba masu share ɗakuna kaɗai ba.

Na shida, shugabannin ƙungiya su kai wa wakilanmu a majalisu kuken manoman da giwaye suka yi wa ɓarna, a nemi tsayayyen tsarin tantance asara da tallafa musu cikin lokaci.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, garuruwa da yawa suna da kasuwa da makaranta da asibiti kamar yadda muke da su, wasu ma sun fi mu. Amma garin da zai ce a bayan gidansa akwai garken giwaye da ruwan ɗumi mai gudu dare da rana, a duk ƙasar nan ba su da yawa. Iyayenmu sun ga raƙumin dawa a Yankari, mu sai labarinsa muka tarar. Ba ma fatan jikokinmu su tarar da labarin giwa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kwamiti yana roƙon wannan taro ya duba waɗannan shawarwari guda shida, ya yanke hukunci a kansu kafin a tashi, ya kuma sa ranar da reshen farko zai kama hanyar Mainamaji.